Amiloyid da Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa: Me ke Cinye Tunanin Tsofaffinmu?

Ranar da na gane cewa abin da ke damun Gwaggo, yayar mahaifina, ya wuce mantuwa irin ta kowa, sau huɗu ta yi alwala tsakanin la'asar da magariba. Tana sallame salla sai ta naɗe darduma ta koma kan tabarma, can an jima ta dubi inuwar katanga ta ce, "Kai ɗan nan, miƙo mini buta, la'asar za ta wuce ni." Na ce, "Gwaggo, ai kin yi." Ta zuba mini ido ta ce, "Yaushe?" Amma a cikin sallar nan ba ta taɓa tuntuɓe a Fatiha ko a sura ba, kuma in ka taɓo mata hirar bikinta, sai ta jero maka sunayen ƙawayen da suka raka ta ɗakin miji fiye da shekara 60 da suka wuce, har da kalar zanen da kowacce ta ɗaura.

A gida an ce gigin tsufa ne. Wata maƙwabciya ta ce a nemi taimako, wannan da hannun mutane a ciki. Likitan da muka kai ta wurinsa ya ce cutar mantuwa ce, kuma alamunta sun fi kama da wadda ake kira Alzheimer, ga kuma hawan jinin da ta yi shekaru tana fama da shi ba ta shan magani a kai a kai. Tun daga lokacin nake bin labarin abin da ke faruwa a cikin kan mai wannan cuta, musamman wani furotin da ake kira amiloyid, wanda masana suka shafe sama da shekara 30 suna ɗora masa laifi.

Cutar mantuwa suna ne na gaba ɗaya, kamar a ce zazzaɓi, wanda abubuwa da yawa ke kawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita a 2021, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na masu ita suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na wannan adadi. Akwai wadda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa, akwai wadda ke zuwa da gane-gane da rawar jiki, akwai wadda ke fara canza halin mutum kafin ta taɓa tunaninsa. Maganar amiloyid ta Alzheimer ce.

Sunan na wani likita ne Bajamushe, Alois Alzheimer. A watan Nuwamba na 1901 aka kawo masa wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. Tana mantuwa, tana zargin mijinta ba dalili, in an ba ta alƙalami ta rubuta sunanta sai ta tsaya a tsakiya. Bayan ta rasu a 1906 ya yanka ƙwaƙwalwarta siriri-siriri ya duba a madubin likita. Abu biyu ya gani. Na farko wasu curi-curi ne da suka taru a wajen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, a tsakankaninsu. Na biyu wasu zaruruwa ne da suka sarƙe a cikin ƙwayoyin su kansu, kamar zaren da kaji suka tattake. Har yau da waɗannan abubuwa biyu ake tabbatar da cutar. Curin na amiloyid ne, sarƙaƙƙen zaren kuwa na wani furotin ne da ake kira tawu.

Sai a 1984 aka san da me aka yi curin, lokacin da George Glenner da Caine Wong a Kalifoniya suka tsamo furotin ɗin daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar mamata. Abin da ya fito daga binciken da ya biyo baya shi ne, amiloyid ba baƙo ba ne a jikinmu. Ni da kai muna yin sa kullum. A jikin fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin da ake kira APP, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Akwai wasu sinadarai da aikinsu kamar na almakashi ne, suna datsa shi. In almakashin da ake kira alfa ya riga zuwa, yakan yanka shi a daidai tsakiyar inda amiloyid yake, shi ke nan babu abin da zai fito. In kuwa almakashin da ake kira bita ne ya fara yanka, wani da ake kira gama ya ƙarasa, sai wani ɗan guntu ya ɓalle ya faɗa cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi. Wannan guntun shi ne amiloyid-bita. Yawanci tsawonsa tubali 40 ne, amma wani lokaci yakan fito da 42, kuma wannan ƙarin biyun ne ke sa shi danƙo, ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa.

Ƙwaƙwalwar mai lafiya tana kwashe wannan guntu kusan da saurin da take yin sa. Wasu sinadarai na narkar da shi, wasu ƙwayoyi na haɗiye shi, wani kuma ya bi jini da ruwan ƙwaƙwalwa ya fita. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san indararo. Ganye da ƙasa suna sauka a kan rufi kullum, amma muddin indararo a buɗe yake, ruwan sama na wanke su ya zubo ƙasa. Ranar da ya toshe, ruwa ya fara kwanciya a sama, babu wanda ke cikin ɗaki da zai lura. Haka amiloyid yake. Hoton ƙwaƙwalwa na musamman da aka ƙirƙiro a Pittsburgh a 2004, wanda ke nuna curin a kan mai rai, da bin diddigin iyalan da ke gadon cutar, sun nuna cewa yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko. Watau lokacin da Gwaggo ta fara maimaita alwala, abin ya daɗe da yin nisa. Mai yiwuwa tun tana zuwa kasuwa da ƙafarta, tana riƙe da lissafin adashin unguwa a ka, yake taruwa.

Me ya sa aka kama amiloyid da laifi, alhali shi da tawu aka gani tare? Hujjar ta fito ne daga gado, kuma hujja ce mai ƙarfi wadda bai kamata a raina ta ba. A 1987 aka gano cewa umarnin ƙera APP yana kan kuromosom na 21, ɗaya daga cikin ƙunshin kayan gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu. Masu lalurar Down suna da wannan kuromosom guda uku maimakon biyu, saboda haka jikinsu na yin amiloyid fiye da kima tun daga haihuwa, kuma kusan dukkansu suna da curin a ƙwaƙwalwa kafin su wuce shekara 40. A 1991 Alison Goate da John Hardy a Landan suka gano wani canji a ƙwayar gadon APP a cikin wani iyali da cutar ke kama su tun kafin su tsufa. A 1995 aka gano wasu ƙwayoyin gado biyu, firesenilin na 1 da na 2, waɗanda daga baya aka gane su ne bakin almakashin gama. Duk waɗannan canje-canje hanya ɗaya suke nunawa: ko dai amiloyid ya yi yawa, ko mai danƙon ya rinjayi mara danƙo. Sannan a 2012 aka samu kishiyar haka a tsibirin Aisland: wani canji a APP da ke rage yin amiloyid da kusan kashi 40 cikin 100, kuma masu ɗauke da shi ba kasafai cutar ke kama su ba. A kan farkon irin wannan hujja ne Hardy da Gerald Higgins suka rubuta ra'ayinsu a 1992, cewa taruwar amiloyid ita ce matakin farko, sauran ɓarna duk biyo baya take yi. Wannan ra'ayi ya mamaye bincike da kuɗin kamfanonin magani har tsawon shekaru.

To amma akwai abubuwan da suka ƙi shiga wannan lissafi, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina.

A 1986 David Snowdon ya fara bin wasu mata masu hidimar coci a Amurka, waɗanda adadinsu ya kai 678, kuma suka yarda a riƙa gwada tunaninsu duk shekara, a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun mutu. A cikinsu akwai wadda ta haura shekara 100 da hankalinta garau, tana cin gwajin da ake yi mata, amma da aka buɗe kanta sai aka tarar da curi da sarƙaƙƙen zare kamar na mai cutar. Ba ita kaɗai ba ce. Hotunan zamani sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsofaffin da tunaninsu lafiya lau yake suna ɗauke da amiloyid mai yawa. Kuma yawan curin da ke kan mutum bai cika tafiya daidai da tsananin mantuwarsa ba.

Abin da ke tafiya daidai da ita shi ne tawu, da kuma mutuwar mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowacce da doguwar wutsiya da rassa, tana taɓa dubban 'yan'uwanta a wasu 'yan mahaɗai da saƙo ke tsallakawa. Duk abin da ka sani, daga sunan mahaifiyarka zuwa hanyar gidanku, a ƙarfin waɗannan mahaɗai yake ajiye. A cikin wutsiyar kowace ƙwaya akwai wasu siraran bututu da abinci da kayan gyara ke bi daga uwar ƙwaya zuwa bakin mahaɗa, wani lokaci tafiya mai nisa. Aikin tawu shi ne riƙe waɗannan bututu kada su wargaje. A cutar Alzheimer sai wani sinadari ya yi masa yawa a jiki, ya saki bututun, ya koma yana nannaɗewa da 'yan'uwansa. Hanya ta lalace, kaya ba sa isa, mahaɗa ta bushe, daga baya ƙwayar ta mutu. In amiloyid ne sharar da ta toshe indararo, tawu shi ne ruɓewar azara daga ciki. Rufi ba ya faɗowa don akwai ganye a kansa, sai azara ta ruɓe.

Heiko Braak da matarsa Eva Braak, a Jamus, sun nuna a 1991 cewa tawu ba ya bazuwa barkatai. Yana da hanyar da yake bi. Yakan fara ne daga wani lungu a can ciki, daidai saitin kunne, kusa da wani sashe da ake kira hifokamfus. Wannan sashe shi ne ƙofar da duk wani sabon abu ke bi kafin ya zauna a ƙwaƙwalwa. Da na karanta wannan sai na fahimci Gwaggo. Ƙofar shiga ce ta rushe, amma abin da ya riga ya shiga tun tuni yana nan a ɗakunan ciki. Sallar da ta yi mintuna goma da suka wuce ba ta sami wurin zama ba, Fatihar da ta haddace tana 'yar shekara biyar kuwa tana can inda ɓarna ba ta kai ba tukuna. Daga ranar na daina ce mata "ai kin yi." Wannan maganar ba ta tuna mata komai, tsoro kawai take sa mata, don a ganinta ana ƙaryata abin da ta tabbata a kansa. Sai in miƙa mata butar, in zuba ruwan ɗumi. Daga baya tawu kan fita daga wannan lungu ya shiga sassan magana, da gane fuska, da sanin hanya. Shekara biyu bayan haka Gwaggo ta dubi ɗanta na fari, wanda ya shigo gaishe ta, ta ce mini, "A kawo wa baƙon nan ruwa." Ya karɓi ruwan ya sha, ya ce, "Na gode, Inna," ya fita zaure ya daɗe bai dawo ba.

Yaya amiloyid da tawu suke haɗuwa? Tsofaffi da yawa suna da ɗan sarƙaƙƙen tawu a wancan lungu ba tare da amiloyid ba, kuma yakan tsaya a nan, bai cika yin ɓarna mai yawa ba. Idan amiloyid ya cika ƙwaƙwalwa ne tawu ke samun hanyar fita ya mamaye sauran sassa. Shi kuma tawu yana iya kashe ƙwayoyi shi kaɗai: a 1998 aka gano iyalan da canji a ƙwayar gadonsa ke jawo musu wata irin cutar mantuwa ba tare da curin amiloyid ko ɗaya ba. Misali mafi ban mamaki ya fito ne daga yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya, inda likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bin wani babban dangi na mutum kusan 6,000. Masu ɗauke da canjin firesenilin a cikinsu sukan fara rikicewa a wajen shekara 44, cutar ta kama su sosai a wajen 49. A 2019 aka ba da labarin wata mata a dangin da ke ɗauke da canjin, amma ba ta fara nuna alama ba sai da ta haura 70. Kanta cike yake da amiloyid, fiye ma da na 'yan'uwanta, tawu kuwa kaɗan ne. An gano tana da wani nau'i na musamman na ƙwayar gadon APOE, guda biyu, wanda da alama shi ya yanke igiyar da ke tsakanin amiloyid da tawu. Indararonta a toshe yake shekara da shekaru, amma azararta ba ta ruɓe ba.

Wannan igiya, a fahimtar da ke ƙara ƙarfi yanzu, ta ratsa ne ta cikin wasu ƙwayoyi da aka daɗe ana yi musu kallon 'yan rakiya. Kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba na jijiya ba ne. Akwai maikurogiliya, waɗanda su ne masu shara kuma 'yan sintiri: suna yawo, suna haɗiye datti da matattun ƙwayoyi, suna datse mahaɗan da ba a amfani da su. Akwai asturosait masu siffar tauraro, da ke ciyar da ƙwayoyin jijiya, suna share sinadaran da suka zube a mahaɗa, suna riƙe da jijiyoyin jini. Da farko maikurogiliya sukan kewaye curin amiloyid su danne shi, su hana shi yaɗuwa, kuma wannan taimako ne. A 2013 aka gano cewa mutanen da ke da rauni a wata ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda maikurogiliya ke gane datti da ita, haɗarin kamuwarsu ya ninka kusan sau uku. Da yawa daga ƙwayoyin gadon da aka gano suna ƙara haɗarin cutar a tsufa, aikinsu a cikin waɗannan masu shara yake. Amma sintirin da aka yi shekara 15 ana yi ba hutu yakan canza hali. Sai su fara zubar da sinadaran kumburi ba tsayawa, su harzuƙa asturosait su bar aikin ciyarwa, su kuma koma cin mahaɗai masu lafiya. Ɗakin binciken Beth Stevens a Boston ya nuna a 2016, a jikin ɓeraye, cewa ana yi wa mahaɗai tambari da wani furotin na garkuwar jiki, maikurogiliya su bi tambarin su cinye su, tun ma kafin curi ya bayyana. Wannan ya dace da wani zargi da ya daɗe: ƙananan dunƙulen amiloyid da ke yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani a hoto, sun fi manyan curin illa ga mahaɗai.

Bart De Strooper, wani masani ɗan Beljiyam, shi da Eric Karran suka kira wannan dogon zango da matakin ƙwayoyi a wata maƙala ta 2016. A 2023 tawagarsa ta dasa ƙwayoyin jijiya na ɗan Adam a cikin kan ɓerayen da ke tara amiloyid. Ƙwayoyin ɓeran ba su yi komai ba, amma na ɗan Adam suka tara sarƙaƙƙen tawu, suka kunna wata hanya ta kashe kai da ake kira nekurofutosis, wadda ke fasa ƙwaya ta bar kumburi a bayanta. Da aka toshe wannan hanya da magani, ƙwayoyi da yawa suka tsira. A ɓera ne aka yi, kuma tsakanin ɓera da gadon asibiti akwai tafiya mai nisa, amma gwajin ya nuna sarƙar a fili: amiloyid a waje, tawu a ciki, sannan ƙwayar ta yanke wa kanta hukunci.

Da wannan a zuciya, tarihin magunguna ba ya ba da mamaki sosai. A 2002 aka dakatar da gwajin wata allurar rigakafin amiloyid saboda kusan kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun kamu da kumburin ƙwaƙwalwa. Da aka duba kawunan wasu daga cikinsu bayan sun mutu, curin ya kau, amma mantuwar ta ci gaba har ƙarshe. A 2010 wani magani da ke toshe almakashin gama ya ƙara rikita marasa lafiya, saboda wannan almakashi yana da wasu ayyukan da jiki ba ya iya yi ba tare da su ba. Masu toshe almakashin bita su ma suka faɗi. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin kwashe amiloyid mai suna Aduhelm duk da cewa kwamitin masana da ke ba ta shawara bai goyi baya ba, har mutum uku suka ajiye muƙaminsu, kuma a 2024 kamfanin ya daina sayar da shi. A 2022 mujallar Science ta bankaɗo cewa an yi wa hotunan wani shahararren bincike na 2006 a kan amiloyid kwaskwarima, aka janye shi a 2024. Mutane da yawa sun ɗauka ginin amiloyid duka ya rushe ke nan. A ganina wannan wuce gona da iri ne, domin binciken a kan wani nau'i ɗaya ne na dunƙulen, kuma hujjar gado ta Landan da Kolombiya da Aisland ba a kansa ta tsaya ba.

Sai ga wani magani mai suna Leqembi. An gwada shi a kan mutum 1,795 da cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba, tsawon wata 18, ana ɗura musu ta jijiya duk mako biyu. Ya kwashe amiloyid sosai, ya kuma rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai maki 18, bambancin bai kai rabin maki ba. Kusan mutum 13 cikin 100 sun sami kumburi a ƙwaƙwalwa, wasu da ɗan tsiyayar jini, abin da ya fi yawa ga masu ɗauke da wani nau'in ƙwayar gadon APOE da ake kira APOE4 guda biyu. Amurka ta ba shi cikakkiyar amincewa a Yuli 2023, a kan dala 26,500 a shekara, ban da kuɗin hotuna. Wani maganin, Kisunla, ya biyo baya a Yuli 2024 da sakamako makamancin haka. Hukumar da ke tantance magungunan da gwamnatin Ingila za ta biya ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Hukuncina a kan waɗannan magunguna shi ne, sun tabbatar da cewa amiloyid na da hannu, domin kwashe shi ya rage gudun cutar, sun kuma tabbatar da cewa in azara ta riga ta jiƙe, buɗe indararo ba ya mayar da ita sabuwa. Shi ya sa yanzu ake gwada su a kan waɗanda ke da amiloyid amma ba su fara mantuwa ba, kuma shi ya sa gwajin jinin da Amurka ta amince da shi a Mayu 2025, mai auna wani nau'in tawu da amiloyid, yake da muhimmanci: zai iya rage dogaro da hoto mai tsada da ɗibar ruwan ƙashin baya.

Akwai wani bincike da ya shafe mu kai tsaye. Daga 1992, Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi na Jami'ar Ibadan sun bi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indianapolis na Amurka da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a duk shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da cutar mantuwa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Sun kuma lura cewa APOE4, wanda a Turawa guda ɗaya ke ninka haɗari kusan sau uku, biyu kuma su ninka shi wajen sau goma, ƙarfinsa a Ibadan bai kai haka ba. A wancan lokacin tsofaffin Ibadan ba su kai na Indianapolis hawan jini da ciwon suga da kitse a jini ba. Wannan bai zama hujjar cewa mun tsira ba. Abincinmu ya canza, zirga-zirgar ƙafa ta ragu, hawan jini ya cika gidajenmu, kuma mutane na ƙara tsawon rai.

Jijiyoyin jini su ne ɓangaren da labarin amiloyid ya daɗe yana rufewa. Idan aka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin da suka mutu da mantuwa, mafi yawansu ba cuta ɗaya ake samu ba: ga curi, ga tawu, ga kuma ƙananan wuraren da jini ya yanke suka mutu ba tare da an taɓa ganin shanyewar ɓarin jiki ba. Hawan jini na taurara ƙananan jijiyoyi, ƙwayoyi su rasa abinci, kuma ta gefen waɗannan jijiyoyin ne wani kaso na amiloyid ke fita. Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce su ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na cutar a duniya, daga ciki akwai hawan jini, da suga, da shan taba, da raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, da buguwar kai, da kaɗaici, da ƙarancin karatu tun yarinta. A 2025 aka fitar da sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Sin mai mutum kusan 34,000, inda ma'aikatan lafiya na ƙauye, ba manyan likitoci ba, suka riƙa auna jini suna ba da magunguna masu araha. Cikin shekara huɗu kamuwa da cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100. Babu hoton ƙwaƙwalwa a ciki, babu ɗurin dala dubbai.

Wani abu kuma da ke ci mini rai shi ne yadda muke haɗa komai mu kira shi tsufa ko sammu. Ƙarancin bitamin B12, da raguwar aikin ƙullin nan na wuya da ake kira tayirod, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, da ciwon damuwa, da jinin da ya taru a kai bayan faɗuwa, da ciwon sanyin fitsari a jikin tsoho, duk suna iya rikita mutum, kuma duk ana maganinsu. Wanda aka bari a ɗaka da sunan gigin tsufa ba zai sami wannan damar ba. Mafi muni, tsohuwar da ta fita ta ɓata hanya, aka tsince ta da dare a wata unguwa tana sambatu, akan sami masu kiranta mayya. Abin da ke kanta furotin ne da ya naɗe ba daidai ba da ƙwayoyin da suka gaji, kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 70 cikin Suratun Nahli, ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya kasa sanin komai bayan ya sani.

Bayan an yi sadakar bakwai ta Gwaggo na sayo na'urar awon jini, na kai wa mahaifina, ƙaninta, wanda ya ba shekara 65 baya. Ya miƙo hannu yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Na'urar ta nuna 172 a kan 101. Na sake aunawa bayan ya huta, ba ta sauka sosai ba. Na ce, "Baba, gobe da safe za mu ga likita." Ya yi shiru yana duban lambobin, sannan ya ce, "Ita ma Yaya haka nata yake?" Na ce, "Ya fi haka." Yanzu kwalin maganinsa a kan darduma yake ajiye, kusa da carbi, yana sha in ya dawo daga masallaci da asuba.